Yadda Mushe Ɗandije Ya Zama Dokin Madam

A duk ƙasar Kurfai babu wanda makanta ta yi wa rana kamar Ɗandije planto. Sauran mutane idan ido ya tafi ɗaki suke shiga su yi kuka. Shi kuwa ranar da likitan ido a Filinge ya gaya masa hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyar, babu aikin da za a yi, sai ya sunkuyar da kai kamar mai juyayi, alhali a cikinsa wani ƙaton dutse ne aka sauke masa. Daga ranar babu mahalukin da zai sake miƙo masa takarda ya ce Mushe, karanta mini.

Domin Mushe Ɗandije, duk da wannan laƙabi na Faransanci da ake ba masu ilimin boko, bai iya karatu ba. Bai taɓa iyawa ba. Wata uku ya yi a lakwal, makarantar boko, ranar da bulalar malami ta sauka a bayansa karo na biyu ya tsallake danga ya koma wa awakin ubansa. Daga baya wani kawunsa ya samo masa aikin planto a biron gwamnati na Filinge, inda ya shekara talatin da biyu yana shara, yana dafa shayi, yana kai takardu a keke daga wannan ƙofa zuwa waccan. Faransancin da ya tara a shekarun nan ba zai cika ludayi ba: zo, tafi, rufe ƙofa, ina shayin. Idan ma'aikatan suna son aiki ya yiwu da gaske, da Hausa ko Zabarmanci suke yi masa magana.

Amma ku gan shi ranar Asabar idan ya sauka Tabla, garinsu. Rigar kaki an goge ta da dutsen guga, alƙalamin bik uku a aljihun gaba, ja da baƙi da shuɗi, ba wanda ya taɓa ƙarewa tun da ba wanda aka taɓa rubutu da shi. Mutane kuwa sun tara masa takardunsu na mako. Ai mutumin da ke kwana da takardun gwamnati shi ya san cikinsu.

A ba shi haƙƙinsa, yana da sana'a, kuma ya ƙware. Takarda da launinta yake saninta da tambarinta. Rabin shafi mai zagayayyen tambari ruwan malmo, sammaci ne. Mai hoton kan sa a kusurwa, ta likitan dabbobi ce. Siririya mai tsaguwa da kanta, ta lakwal. Sai ya miƙa ta nesa da fuska, ya tsuke baki, leɓe na motsi, ya yi wani gyaran murya mai nauyi. Sannan tambayoyi su biyo, kamar ba da wata manufa ba: wa ya ba ka ita, a kan me ya zo, kai kaɗai aka ba ko har da maƙwabta, kwanan nan shanunka sun shiga gonar wani? Kafin a gama, mai takarda ya karanta masa takardarsa da bakinsa. Shi kuma sai ya mayar masa da ita cikin murya ta manya, ya yayyafa mata kalma biyu ta Faransanci kamar gishiri. Cikin goma yakan dace da bakwai. Ukun da suka kuskure kuwa laifin gwamnati ne, wadda kowa ya san ba ta kwana a kan magana ɗaya.

Da wannan ya zama Mushe. Da wannan ya samu wurin zama a gindin itacen bedin ƙofar maigari, kujera ba tabarma ba. Kuma da wannan ya samu bakin raina mutane. Jahilci, in ji shi, shi ya hana Kurfai ci gaba. Waɗanda ya fi jin daɗin takawa su ne ƴan bori, masu birgima cikin ƙasa in an kaɗa goge, kuma cikinsu ya fi matsa wa Yalwa, taubashiyarsa, ɗiyar ƙanen uwarsa, wadda iska ke hawa tun tana budurwa. Duk inda suka haɗu sai ya tambaye ta ko iskokinta sun yi jarrabawar satifika. Ita kuma takan ce masa ya gyara bik ɗinsa kada su faɗi, tunda su ne dukan iliminsa. Mutane su yi dariya, su ɗauka wasan taubasai ne.

Shekara shida ya yi cikin makanta, kuma su ne shekarun da ya fi ƙiba. Yana zaune a kujerarsa da sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana ba da labarin irin takardun da ya karanta zamanin yana da ido. Takardun gari suka koma hannun Latifa, ungozomar ɗakin shan magani, mace mai ƴaƴa biyar da ƙarancin magana, wadda za ta karanta maka abin da ke rubuce ta koma aikinta. Ɗandije yakan girgiza kai ya ce baiwar Allah baƙaƙen kawai take gani, ba ta ganin cikin takarda. Tsofaffi su ce wallahi haka ne, an yi rashin idon Mushe.

Masifa ta zo masa ne ta hannun wadda ta fi sonsa. Nafisa, ɗiyar ƙanensa, tana aiki a Yamai da wata ƙungiya mai taimakon makafi. Aka kawo musu wasu na'urori kaɗan, aka ce a raba wa waɗanda suka yi karatu kafin ido ya tafi, don su za su amfana. Nafisa da ta tashi tana jin ana Mushe, Mushe, ba ta ko yi shawara ba, sunan Baba Ɗandije ta sa a farko.

Abin bai fi yatsa ba. Maƙale shi ake yi a hannun tabarau, yana da ɗan ido a gaba da ɗan baki kusa da kunne. Ka ɗaga takarda gaban fuska, ka nuna ta da yatsa, sai ya ɗauki hotonta ya shiga karanta maka. A gindin bedi aka yi bikin, gaban maigari da rabin gari. Nafisa ta sanya masa tabarau da hannunta, idonta cike da ƙwalla, ta ɗora masa wani shafin jarida. Ya nuna. Sai wata muryar mace ta buɗe a kunnensa, siririya, mai sanyi, tana zuba Faransanci kamar ana juye gero a buhu, ba numfashi, ba gyaran murya, ba tausayi.

A duk abin da ta faɗa, kalma ɗaya ya cafke, ita ma sunan garin Yamai ce.

Nafisa ta durƙusa ta ce, “Baba, kun ji?”

“Na ji,” in ji shi. “Sai dai Faransancinta na ƴan kasuwa ne. Ba irin na biro ba.”

Aka tafa. Wata tsohuwa ta yi guɗa. Washegari Nafisa ta hau mota ta koma Yamai da zuciya fara, ta bar Baba Ɗandije da wuta a kan hanci.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne wawancin na'urar. Duk abin da yake bukata a takarda ba ta faɗa. Ba ta ce maka ga launinta, ba ta ce tambarin zagayayye ne ko mai kusurwa, ba ta ce akwai kan sa. Baƙaƙen nan dai da ya shekara talatin yana tsallakewa, su kaɗai ta sani. Ga shi takardun zamani duk uwa ɗaya uba ɗaya, fari fat, santsi ɗaya, girma ɗaya, ko ka shafa ko ka shinshina ba ka bambanta sammaci da katin suna.

Ya fara da dabaru. Yau batir ya mutu. Sai matarsa Muna, wadda ba ta taɓa jin kanta ya yi girma kamar na kwanakin nan ba, ta riƙa kai abin wurin mai farantin hasken rana tun da sassafe, ta dawo da shi a cike ta ba shi gaban mutane. Gobe Madam ta gaji, don har an raɗa wa muryar suna. Jibi zafi ya yi mata yawa, ba ta saba da ranar Kurfai ba. Sau ɗaya ya cusa tabaran cikin rumbu ya ce ɓera ya ja, Muna ta kwashe damin gero bakwai ta zaƙulo shi. Bai taɓa jin haushin mace mai ƙwazo kamar ranar ba.

Mutane kuwa sun baro Latifa sun dawo gindin bedi da takardunsu. Kowa yana son cikin takarda. Da ya ga ba mafita, sai ya koma tsohuwar sana'a da rabin kayan aiki. Ya ɗaga takarda, ya nuna, ya bar Madam ta yi ta zuba, yana gyaɗa kai, wani lokaci ya ce mata a'a, sake dai, kamar mai gyara wa ɗaliba. Sannan tambayoyi. Amma tambaya ba tambari rabin aiki ce. Cikin goma ya koma dacewa da huɗu.

Wanda ya fi shan ta shi ne Bala, mai shanu shida. An ba shi takarda gab da damina, ya ce wani mai babur ne ya raba wa magidanta. Mushe ya auna lokaci, ya auna babur, ya yanke cewa irin shuka za a raba a Filinge ranar Talata, a je da buhu. Bala ya ɗaura wa jaki amalanke tun da asuba da buhu uku. A ranar Talatar ce masu allurar dabbobi suka zo Tabla kamar yadda takardar ta faɗa, suka yi wa shanun kowa, suka tafi, shi yana can yana zagaya Filinge yana tambayar inda ake rabon iri. Da ya dawo da buhunansa a ninke, Mushe ya ce ai gwamnati ce, ta sake magana.  Matar Bala kuwa ba ta bar maganar ba, kuma a bakin rijiya Yalwa ta ji.

Ranar Alhamis da hantsi, gindin bedi cike da mutane, sai ga Yalwa ta zo da zanenta baƙi da sandar kara, Latifa na biye da ita da fuskar wadda aka janyo daga aiki. Ɗandije ya gane takunta. Ya gyara zama ya tambaya ko iskoki ne suka samu wasiƙa.

“Ni ce na samu,” in ji Yalwa. “Karanta mini, Mushe.”

Ta sa masa takarda a hannu. Yatsunsa suka yi murna, don wannan ba ta zamani ba ce. Tsohuwa ce, ta yi laushi kamar tsumma, an ninke ta huɗu har layin ninkin ya kusa rabewa, tana warin ƙwarya da hayaƙi. Ya ɗaga, ya nuna. Madam ta ɗan yi jinkiri, sannan ta kama zuba. Ya gyaɗa kai sau uku. Ya tambaya, kamar ba da wata manufa ba, a ina ta tono wannan.

“Ba amsa tambaya na zo ba.”

Ya ce ai don a san daga wane biro ta fito.

“Abin da ke bisa hancinka bai gaya maka ba? Ni ban zo karanta maka ba, kai za ka karanta mini.”

Wasu suka yi dariya, har yanzu wasan taubasai suke gani. Shi kuwa gumi ya fara bin bayan kunnensa, daidai inda Madam ke magana. Ya yi lissafi irin nasa: tsohuwa ce, ta ɓoye takarda shekara da shekaru, ta fito da ita gab da shuka. Mene ne tsohuwa ke ɓoyewa ta fito da shi gab da shuka? Ya yi gyaran muryar nan tasa mai nauyi, ya sanar cewa takardar gonar ubanta ce, ta wajen fadama, an rubuta iyakarta gabas da yamma, ta adana ta da kyau kada ƴaƴan ƴan'uwa su gani.

Yalwa ta ce, “Ikon Allah. Da can kuwa gaisuwa ce.”

Ba wanda ya gane, har shi. Sai ta juya ga mutane ta ba su labarin, ba ta ɗaga murya ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan, mijinta Albarka yana Abijan yana aikin katako a bakin teku. Wannan takarda ta zo, ta kawo wa taubashinta a gindin bedin nan. Ya miƙa ta nesa da fuska, ya motsa leɓe, ya ce Albarka yana lafiya, yana gaishe ta da yara, yana nan tafe bayan kaka. Ta yi kitso, ta yi lalle. Kaka ta wuce ta sake kitso. Damina biyu tana share ɗakinsa, sai wani mutumin Bonkuku da ya dawo daga can ya tsaya yi mata gaisuwar da ya ɗauka an daɗe da yi.

Sannan ta ce wa Latifa ta buɗe bakin abin kowa ya ji. Latifa, wadda Nafisa ta nuna wa yadda ake yi, ta miƙa hannu ta shafa gefen tabaran, ta kama yatsan Mushe ta nuna takardar da shi kamar yatsan jariri. Muryar Madam ta fito fili, mai sanyi, ba ruwanta. Latifa ta bi ta da Hausa: daga ofishin inda yake aiki, ana baƙin cikin sanar da iyalin Albarka cewa ya rasu ranar kaza bayan gajeriyar rashin lafiya, an yi masa sutura, ƴan garinsu sun halarta.

 Ɗandije ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, ai duk wasiƙar da ta zo daga kurmi gaisuwa ce, kuma wannan ba ta da baƙin layi a gefe, wa zai sani. Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Bala, daga bayan taro, ya yi wata ƴar dariya ta hanci wadda ta fi zagi.

Maigari ya tambayi Yalwa me ya hana ta faɗa tun tuni. Ta ce tun shekarar da mutumin Bonkuku ya yi mata gaisuwa ta kai takardar wa wani malamin lakwal a kasuwar Bonkuku ya karanta mata. Ta yi shiru ne don jini ɗaya ne, kuma a lokacin shi kaɗai gari ke da shi, gara mai dacewa da bakwai da babu. Da Allah ya rufe masa ido ta ce to, an huta, shi ma ya huta. Ba ta san za a zo daga Yamai a sake ɗora shi a kan mutane ba.

Ta matso kusa da shi, ta dafa sandarsa.

“Ɗan gwaggo, mi kake jin kunya? Mu da kake kira masu birgima mun san wannan tun kakanni. Iska na hawan doki, ta yi magana da bakinai, in ta sauka doki bai san mi anka ce ba, sai na kusa su gaya mishi. Babule ma, iskokin nan na Turawa, in sun hau, Faransanci suke yi, ka taɓa jin dokinsu ya ce shi mushe ne? Doki ba shi fassara. Ɗauka kawai shike yi. Kai laifinka guda, kai doki ne kana son zama mai fassara.”

Ta karɓe takardarta, ta ninke ta huɗu a kan tsohon layinta, ta sa a lalitar zane, ta tafi.

Wani zai zaci daga ranar Ɗandije ya shige ɗaki ya rufe. Wanda ya zaci haka bai san planto ba. Kwana tara ya yi yana ciwon baya. A na goma ya fito da rigar kaki a goge, sai dai aljihun gaba ba bik ko ɗaya. Muna ta kwashe ta ba jikoki. Ya lalubi kujerarsa ya tarar tana nan, don ba wanda ya ga amfanin ɗauke ta.

Mushe dai ya mutu a gindin bedin nan ranar Alhamis. Wanda ke zaune yanzu Dokin Madam ne, haka yara da manya ke kiransa, mata ma in sun wuce sukan tambaya ko ta hau yau. Abin da zai ba ka dariya kuwa, tsofaffin Tabla har yanzu ba su yarda da takardar da ba ta bi ta kan hancinsa ba. Sun ce mutum na iya ƙarya, sun gani da idonsu, amma Madam ba ta da dangi a garin. Don haka ranar da takardu suka taru sai a kira Latifa. Ya ɗaga, ya nuna, Madam ta zuba da ƙarfi, Latifa ta fassara. Ita kuwa Latifa tana tsaye a bayansa, ta riga ta karance takardar ta saman kafaɗarsa tun kafin Madam ta gama gaisuwa, sai dai ta jira don a rabu lafiya.

Nafisa ta bugo waya daga Yamai tana tambaya ko na'urar na da amfani. Muna ta ce mata sosai, gari duka na ci.

Shi kuwa ya koma aikin da ya fi sani a duniya, ɗaukar saƙon da bai san cikinsa ba daga wannan ƙofa zuwa waccan, sai dai yanzu ba keke. Kuma hali bai bar shi ba. Wani lokaci Madam na tsakiyar zuba sai ya ɗaga yatsa ya ce a hankali, baiwar Allah, ba haka ake faɗinta a biro ba.  In Yalwa na kusa takan ce a ba doki ruwa, ya sha rana.